Fensir a Gefen Shafi

Lahadi bayan la'asar, a Kakuri,
bayan masaƙar da ta daina numfashi,
mu biyar ne, wata rana shida,
a shagon Malam Tanimu, kan benci mai gurguwar ƙafa.

Littattafan na wani injiniya ne, Ba'indiye,
ya bar su cikin kwalin sabulu
shekarar da injuna suka yi shiru.
Tiyosofi, in ji bangonsu.
Malam ya ce ita ce hikimar da ke ƙasan kowace hikima,
kamar ruwa ɗaya a gindin rijiyoyi dubu.

Yana karantawa da Turanci, yana juye mana da Hausa,
yatsansa na bin layi
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
In ya ce matakan rai bakwai ne, to bakwai ne.
Ayuba Shekari ya gyaɗa kai.
Lantana ta rubuta, ta ja layi biyu.

Ni ce ƙayar kifi a maƙogwaron zaman.
Awon jini nake yi a asibiti,
ban saba sa hannu a sakamako ba
sai na leƙa da idona.
Na ce, Malam, wa ya ƙirga?
Ya ce, manya.
Na ce, da wane ma'auni?

Ya zare tabarau.
Kande, abin da babba ya hango,
yaro ko ya hau rimi...
Na ce, ai a Unguwar Rimi nake kwana, Malam.
Ayuba ya ƙware da shayi.
Malam bai yi dariya ba.

A gefen kowane shafi akwai rubutun fensir,
ƙanana, masu rataye a jikin layi
kamar shanya a kan igiya.
Ba mai iya karanta su a cikinmu.
Malam ya ce sharhin injiniya ne,
mabuɗin da ba a ba kowa.
Shekara ashirin yana kare su daga gumin hannu.

Na ɗauki hotonsu a ɓoye.
Na kai wa wata tsohuwa, 'yar ƙasarsu,
mai kantin magani a Barnawa.
Ta matso da wayar kusa da hanci, ta karanta mini:

Ban gane wannan ba.
Anya?
A sake dubawa.
Shafi na casa'in ya saɓa wa wannan.
Albasa, kananzir, kuɗin mai gadi.

Kwana shida ina ɗauke da maganar
kamar garwashi a tafin hannu.
Na haye gada sau goma sha biyu,
kogin yana ta wucewa abinsa, jajawur da ruwan Agusta.

Da na faɗa, shagon ya yi tsit.
Har jirgin ƙasa ya gama kukansa daga nesa
ba wanda ya motsa.
Na so ƙasa ta tsage.

Malam ya daɗe yana shafa shafin.
Ya ce, ashe har da albasa.
Sai kafaɗunsa suka fara rawa,
ya yi ta dariya har da goge ido da hular.

Can ya ce, amma ji nan, 'yar awo.
Shekara talatin na yi gaban inji.
In wadari bai ɗauru tamau ba,
ina ƙoshiya za ta bi?
Ki yi ta kai da komo, zane ba zai fito ba.
Na ce, in kuma ƙoshiya ta tsaya?
Ya ce, zare ne kawai a miƙe, ƙura na hawa.
Na ga irinsa. Yana can bayan katangar nan.

Bai janye bakwai ɗinsa ba.
Ni ma ban karɓa ba.

Amma Lahadin da ta biyo
mun tarar da fensir biyar a kan benci,
ya fere su da reza, tsininsu duk a karkace.
Ya buɗe shafi na casa'in,
ya tura mini littafin, karo na farko.
Karanta, ya ce.
A hankali dai. Takardar ta tsufa.